Waya da Sirrin Mara Lafiya: Jagora ga Ɗaliban Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Legas

Bahaushen da ya zo Legas yin digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, a Jami'ar Legas da ke Akoka ne ko a Jami'ar Jihar Legas, LASU, da ke Ojo, yakan fahimci wani abu da zarar an tura shi asibiti koyon aiki: duk mara lafiyar da ya zo ba ya jin Turanci ko Yarbanci, shi za a kira. Ko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba aka ajiye shi, wanda ke nan tun 1907, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, da ke maƙwabtaka da Hausawan Idi-Araba, harshensa zai jawo masa mutanensa. Alheri ne babba, domin wanda ke cikin damuwa ya fi sakin jiki idan ya ji ana yi masa sannu da harshen da ya tashi da shi.

Sai dai akwai nauyin da abokan karatunka ba su ɗauke da shi. Legas na da girma, amma Hausawanta sun san juna. Mai kayan gwari a Mile 12 ya san mahaucin Oko-Oba a Agege, mahaucin yana da suruki a Alaba Rago, matansu kuma suna haɗuwa a zauren WhatsApp ɗaya na Islamiyya ko na adashi. Abokinka Bayarabe zai iya cewa "wata mata ta zo yau" maganar ta ɓace cikin miliyoyin mutane. Kai idan ka faɗa, kafin la'asar an gane ko wace ce. Matakan da ke ƙasa duk a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: ka nemi kanka kafin a neme ka

Ka ari wayar wanda ba abokinka ba ne a kowane shafi, ka rubuta cikakken sunanka a Google, da Facebook, da TikTok, da X. Ka sa lambarka a Truecaller ka ga sunan da take fitowa da shi. Abin da ka gani, shi mara lafiyarka da mijinta da yayanta za su gani daren ranar da suka fara zuwa wurinka.

Abu uku za ka nema. Na ɗaya, zagin siyasa da na ƙabila da na addini. Wanda ya yi ta ɓarin baki lokacin zaɓen 2023 ya tuna cewa a ɗakin dubawa zai zauna da Bayarabe da Ibo da Kirista da Musulmi, kuma wanda ya karanta ka kana zagin ƙabilarsa ba zai buɗe maka cikinsa ba. Na biyu, raha da masu taɓin hankali: bidiyon wani a bola ana dariya, ko kiran abokin gardama "mahaukaci". Na uku, abin da ke nuna gidanka, da makarantar 'ya'yanka, da hoton iyalinka. Na ɗaya da na biyu ka goge su. Na uku ka rufe shi ya zama 'yan uwa kaɗai ke gani.

Ka duba kuma abin da ka rubuta a ƙarƙashin sunanka. Mutanenmu duk wanda suka gani a asibiti "Likita" suke ce masa, kuma sunan yana da daɗin ji. Kai ba likita ba ne, ba ka rubuta magani, digirin ma ba ka gama ba. Ka rubuta gaskiya: ɗalibin digiri na biyu, mai koyon aiki a ƙarƙashin kulawar malamai. Idan tsohuwa ta ce maka Likita a baki, ka gyara mata sau ɗaya cikin ladabi. A shafi kuwa, inda kai ka rubuta da hannunka, babu uzuri.

Mataki na biyu: layi biyu

Mafi kyau shi ne mara lafiya ya bi ta lambar sashen da kake aiki. Idan wurin ba shi da irin wannan lamba kuma mai duba aikinka, wato malamin da ke kula da kai a asibitin, ya yarda a kira ka kai tsaye, ka sayi layi na biyu na aiki kawai, ka ɗora WhatsApp Business a kansa. Dalilin a fili yake. Da zarar kun ajiye lambar juna a WhatsApp, yana ganin sitatus ɗinka, kana ganin nasa. Zai ga ka je biki Kano ranar da ka ce masa ba za ka samu zama ba, kai kuma za ka ga abin da bai shirya gaya maka ba. A layin aiki kada ka sa sitatus, kuma ka rubuta awannin da kake amsa saƙo.

Sai wani tarko da ba kowa ya sani ba. Facebook da Instagram da TikTok suna neman izinin kwashe lambobin da ke cikin wayarka, da su suke haɗa jerin "mutanen da wataƙila ka sani". Idan ka ba da izinin, kana iya fitowa a shafin mara lafiyarka, ko shi ya fito a naka. Ka shiga saituna ka kashe wannan izini, ka goge lambobin da aka riga aka kwasa. Truecaller ma da littafin lambobin mutane yake aiki, saboda haka kada ka taɓa ajiye lamba da suna irin "Hajiya mai ciwon damuwa". Haruffa biyu da lambar fayil sun isa.

Ka kulle wayar da lambar sirri mai ƙarfi, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ta WhatsApp, wadda ke neman lambobi shida da kai kaɗai ka sani. Masu ƙwace asusu sukan kira su ce za a yi taron zaure ta intanet, ka karanto musu lambar da ta shigo wayarka. Wanda ya karanto ya miƙa musu duk zaurukansa da lambobin mutanensa. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa tun 2016, amma kwafin da ake ajiyewa a Google Drive ko iCloud ba ya samun irin wannan kulle sai ka kunna shi da kanka. Kuma nan Legas ce: ana fizge waya a Oshodi, ana zare ta a cikin danfo. Idan ta lalace za ka kai Computer Village a Ikeja, kada ka ba mai gyara lambar buɗewa ka tafi cin abinci. Ka cire layin aiki, ka fita daga asusun, ko ka tsaya a kansa har ya gama.

Mataki na uku: ka faɗi ƙa'idar tun zaman farko

Ƙin karɓar abota a Facebook a wurinmu yana kama da wulaƙanci, musamman idan wanda ya turo ya girme ka. Maganinsa shi ne ka riga shi. Lokacin da kake bayanin sirri da iyakarsa, kafin a sa hannu a takardar amincewa, ka haɗa da wannan:

"Hajiya, akwai abu ɗaya da nake gaya wa kowa. Ba na karɓar abota a Facebook ko wani shafi daga waɗanda nake gani a nan. Ba raini ba ne, rufin asirinki ne. Idan aka ga sunanki cikin abokaina, wani zai tambaya ina muka san juna. Wannan lambar ta sa rana ce da ɗage rana. Maganar da ta shafi lafiyarki, mu bar ta sai mun zauna."

Ka ƙara da maganar haɗuwa a waje, domin za ku haɗu: a masallacin Juma'a, a wurin suna, a tashar motar Arewa. Ka ce masa, "Baba, idan mun haɗu a waje ba zan riga ka gaisuwa ba. Idan ka gaishe ni zan amsa kamar kowa." A al'adance yaro ke fara gaida babba, shi ya sa dole ka yi bayani tun da wuri, in ba haka ba ya ɗauka girman kai ne. Wasu za su ce a'a, ka gaishe ni abinka. Shi ke nan, zaɓinsu ne.

Idan kuka tarar kuna zaure ɗaya, na unguwa ko na 'yan garinku mazauna Legas, ka kai maganar wurin mai duba aikinka. Wani lokaci rage magana a zauren ya wadatar. Idan kuwa dangantakar ta yi kusa, kamar matar abokinka ko ɗan maigidan da ya sauke ka, a miƙa shi ga wani, ko da sai an nemo tafinta. Idan ke mace ce, ki ƙara tsaurara wannan iyaka: saƙon "ya gajiya" na ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba a amsa shi, kuma idan ya maimaitu ki rubuta a fayil, ki sanar.

Mataki na huɗu: labarin mara lafiya ba naka ba ne

A nan ɗalibai suka fi faɗawa, kuma yawanci da kyakkyawar niyya. Ka fito daga zaman da ya taɓa zuciyarka, kana so mutane su ɗauki darasi, sai ka rubuta: "Yau na ga wata baiwar Allah 'yar Katsina, mata ta biyu ga wani ɗan canji, ta haifi tagwaye bayan sallah, tun daga nan ba ta barci." Ba ka faɗi suna ba. To amma mata nawa ne a Agege ko Idi-Araba suka haɗa waɗannan siffofi huɗu? Kishiyarta ta gane ta, uwar mijinta ta gane ta. A cikin al'ummar da kalmar "taɓin hankali" ke kashe aure, ta hana ƙannen mutum samun miji, wannan rubutu na iya yin ɓarnar da ciwon kansa bai yi ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka ɗauki hotonta a allon waya aka tura zaure goma.

Doka ma ba ta bar wannan ga son ranka ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da jinyarsa, da zamansa a asibiti sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutacciyar yardarsa, ko umarnin kotu, ko wani dalili da doka ta ambata. Ka lura: zuwansa asibitin ma kaɗai sirri ne. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin sirri da mutunci ga masu wannan lalura. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman, ta kafa hukumar NDPC don sa ido. Ka nemi kuma ƙa'idojin ƙungiyoyin sana'ar, NPA ta masana halayyar ɗan Adam na Najeriya da NACP ta masu aikin asibiti a cikinsu, da na sashenku, ka karanta su da kanka.

Wani zai ce, to idan ta yarda fa? A ganina yardar da mara lafiya ke ba wanda ke duba shi ba cikakkiyar yarda ba ce. Kunya ce da jin nauyi. Mutumin da yake ganin ka taimake shi ba zai iya kallon idonka ya ce a'a ba. Idan kana son misali don koyarwa, ka ƙirƙiro shi gaba ɗaya, ka faɗa a fili cewa ƙirƙira ce, kuma kada ka wallafa shi a makon da ka ga mai irin matsalar.

Wannan hukunci ya hau kan zauren ajinku ma. Mutum arba'in da wayoyi arba'in, waɗanda yara da mata da ƙanne ke ɗauka, ba ɗakin shawara ba ne. Tambaya kan mara lafiya wurin mai duba aikinka ake kai ta, baki da baki. Haka nan kada ka zuba bayanan zama cikin ChatGPT ko makamancinsa don ya tsara maka rahoto, domin ka miƙa su ke nan ga kamfanin da mara lafiyar bai san da shi ba. Hoto a cikin asibiti ka haƙura da shi ɗungurungum: a bayanka akwai allo mai sunaye, ko fayil a kan tebur, ko fuskar wani a kan benci.

Kayan gwaji su ma amana ne. Tambayoyin gwajin halayya na MMPI, da na gwajin basira na Wechsler, da katunan Rorschach masu hotunan ɗigon tawada suna aiki ne saboda wanda ake gwadawa bai taɓa ganinsu ba. A 2009 an yi babbar taƙaddama da aka ɗora hotunan Rorschach goma a Wikipedia. Kada ka ɗauki hotonsu don nuna wa duniya kana karatu.

Mataki na biyar: idan dangi suka biyo ta waya

Wannan sai ya faru. Mahaifi, ko miji, ko wani mai faɗa a ji a unguwa zai samu lambarka ya turo saƙon murya: "Yaron nan me ya gaya maka? Ƙwaya yake sha ko?" Ba za ka tabbatar ba, ba za ka musanta ba, ko cewa kana ganinsa ma ba za ka amsa ba idan shi bai ba da izini ba. Ka ce: "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Aikinmu bai yarda in yi maganar kowa ta waya ba, ko ina ganinsa ko ba na ganinsa. Idan akwai abin da ke damunku a kan wani naku, ku zo tare da shi asibiti a zauna." Idan yaro ne ƙarami, iyaye na da haƙƙin sani, amma a zaune za a yi, da sanin mai duba aikinka, ba a saƙon da za a iya turawa gaba ba. Dangi a wurinmu su ne masu jinya, su ke sayen magani, su ke kwana a asibiti, don haka manufar ita ce a shigo da su ta ƙofa da yardar mai ciwon.

Mataki na shida: leƙen shafinsa

Son sani zai ja ka ka duba Facebook ɗin mara lafiya. Kada ka yi. Abin da ka gani a can ba za ka iya mantawa ba, ba kuma za ka iya ambata ba tare da ka tona kanka ba. Inda ake sassauci shi ne idan ana tsoron rai na cikin haɗari. A nan ma sai ka fara gaya wa mai duba aikinka, ka rubuta dalili a fayil, daga baya ka sanar da shi mara lafiyar.

Mataki na bakwai: wayar da kai ba tare da buɗe asibiti a akwatin saƙo ba

Ba cewa ake ka rufe baki ba. Bayanin lafiyar ƙwaƙwalwa da Hausa ya yi ƙaranci, kuma inda masana suka yi shiru masu tallar maganin "kowace cuta" ne ke cike wurin. Ka yi bayanin alamomin ciwon damuwa, da damuwar bayan haihuwa, da illar tiramadol da kodin, da inda ake zuwa neman taimako. Ka tsaya kan abin da aka koya maka, ka nuna wa malaminka kafin ka saki. Kada ka yi wa masu zuwa ruƙiyya ba'a. Yawancin waɗanda za su zo wurinka sun fara biyawa ta wurin malam, kuma wanda ka kira jahili a TikTok ba zai kawo maka 'yarsa ba. Ka ce a yi addu'a, a kuma zo asibiti.

Duk lokacin da wani sananne ya yi abin mamaki, za a yi ta kiran sunanka a ƙarƙashin bidiyon: "Masana, me ke damunsa?" Akwai tarihi a kan wannan. A 1964 wata mujalla a Amurka ta tambayi likitocin ƙwaƙwalwa ko ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater na da lafiyar da zai yi mulki, da yawa suka yanke masa ciwo ba su taɓa ganinsa ba. Ya kai ƙara ya yi nasara, a 1973 kuma ƙungiyar likitocin ta hana 'ya'yanta yin haka. Dokar tasu ce, amma hikimar ta shafe ka: ba a sanya wa mutum sunan ciwo daga bidiyon minti ɗaya. Ga kuma dokar ɓata suna da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 suna jiran mai sakin baki. Kada kuma ka roƙi wanda kake dubawa ya yaba maka a shafi. Ƙa'idojin ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, sun hana wannan a sashe na 5.05, ita ce kuma ta fitar da jagora ta musamman kan kafafen sada zumunta a 2021.

Da ka fara wallafawa, saƙonni za su cika maka akwati. Ka tanadi amsa ɗaya: kana godiya da amanar, ba ka duba mutum ta saƙo, ga asibitocin da ake zuwa. Amma idan wani ya rubuto cewa zai kashe kansa, ba a yin shiru, ba a kuma yin wa'azi. Ka amsa nan take, ka tambaye shi inda yake da wanda ke kusa da shi, ka roƙe shi ya kira wani ya zauna da shi, ka ba shi lambobin gaggawa na Legas, 112 ko 767, ka nuna masa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Sannan ka kira mai duba aikinka ko da tsakar dare ne. Wannan ba kayan da ɗalibi ke ɗauka shi kaɗai ba ne.

Mataki na takwas: kundin digiri

Kafin ka watsa fom ɗin Google a zauruka, ka samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kamar yadda ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta tanada. Ka kashe wurin karɓar adireshin imel idan ka ce ba za a san mai amsa ba. Hirar da mata ke yi a rufaffen zaure kan matsalar aure ba bayanan jama'a ba ne don kawai kana ciki. Kuma jimlar da ka kwafo kalma da kalma daga shafin wani, duk mai so zai iya nemo mai ita.

Idan ta riga ta ɓaci

Ka tura saƙo inda bai kamata ba, ko an sace wayar, ko wani ya gane wadda ka ba da labarinta. Ka fara da tsayar da ɓarnar: ka goge wa kowa, WhatsApp na ba da kusan kwana biyu don haka, ka sauke rubutun, ka toshe layin a wurin kamfanin waya, ka fitar da asusunka daga na'urar da ta ɓata. Kafin ka goge, ka rubuta abin da ya fita, da lokacin, da waɗanda suka gani. A ranar ka gaya wa mai duba aikinka, kada ka jira ya ji a bakin wani. Lokaci na da muhimmanci, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba cibiyar da ke riƙe da bayanan awa 72 ta sanar da NDPC idan fitar bayanan na iya cutar da mai su. Sanar da mara lafiyar kuma ba ta saƙo ake yi ba. Kai da malaminka za ku zauna da shi, a gaya masa abin da ya fita da wanda ya gani, a tambaye shi ko yana so ya ci gaba da kai ko a sauya masa wani.